Ƙofar Da 'Yar Bulala Ta Bari A Buɗe

Aikina shi ne gano sunayen wasu matattu. Matattun nan 'yan mitsi-mitsin halittu ne na teku, waɗanda idan aka jera goma ko ashirin daga cikinsu da ƙyar su cika milimita ɗaya a kan rular da kuke zuwa da ita aji. 'Yan'uwana a gida sun ɗauka man fetur nake nema, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba. Amma abin da nake yi daga safe zuwa la'asar shi ne in zauna gaban madubin ƙara girman abu, wato maikuroskof, ina murza wani ɗan maɓalli, ina tambayar kaina: wannan kuma wane ne?

Na so in ba ku labarin yadda ake amsa wannan tambaya ne saboda na san yadda darasin rarraba halittu yake a aji. A rubuta muku sunayen Latin a allo, ku kwafa, ku haddace, ku juye a takardar jarrabawa, shi ke nan. Ni ma haka aka koya mini. Sai da na shiga wannan aiki na ga cewa kowane suna a cikin jerin nan hukunci ne da wani ya yanke bayan ya duba hujja, kuma sau da yawa sai an yi shekaru ana gardama kafin a amince da shi.

Halittun da nake magana a kansu ana ce musu dainofilajilet. Sunan haɗin gambiza ne, rabinsa kalmar Girka mai nufin juyi irin na katantanwa, rabinsa kalmar Latin mai nufin bulala. Ni nakan kira su 'yan bulala don sauƙi. Kowace ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, tana da siraran gashi biyu. Ɗaya ya zagaye ƙugunta a cikin wani ɗan kwarmi kamar ɗamara, ɗayan ya miƙe ta baya kamar jela, da su take iyo tana wulwulawa. Akwai irinsu sama da 2,000 masu rai a yau, mafi yawa a teku, wasu a tafkuna. Wasu suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsirrai, wasu kuma 'yan'uwansu ƙanana suke ci. Akwai waɗanda idan suka yi yawa sukan mai da ruwan teku ja su kashe kifi, akwai kuma masu sa igiyar ruwa ta riƙa walƙiya da shuɗin haske cikin dare.

Jikin 'yar bulala ba ya daɗewa bayan ta mutu, ruɓewa yake yi. Amma wasu daga cikinsu, tsakanin iri 10 zuwa 20 cikin ɗari, suna da wata dabara. Wanda ya tashi kusa da fadama ya san gaiwa, kifin nan da yake shigewa cikin laka idan ruwa ya ƙafe, ya lulluɓe kansa, ya yi ta barci har damina ta dawo. Haka 'yar bulala take yi. Biyu sukan haɗe su zama ɗaya, sai ta gina wani ƙwanso mai tauri a cikin tsohuwar rigarta, ta zubar da bulalun, ta nutse ƙasan teku ta kwanta. Tana iya yin watanni ko shekaru a haka. A wani lungun teku a ƙasar Suwidin an farkar da waɗanda suka yi kusan shekara 100 a cikin laka. Ran da yanayi ya yi mata daɗi sai ta buɗe wata ƙofa a jikin ƙwanson ta fice. Ƙwanson da ta bari an gina shi da wani sinadari mai ƙarko ƙwarai, don haka laka takan binne shi, lakar ta zama dutse, shi kuwa yana nan. Mafi tsufa da aka samu sun kai kimanin shekara miliyan 240. Wannan gidan da mai shi ta tashi ta bari, shi nake dubawa.

Kada ku ɗauka maganar teku maganar mutanen Legas ce kawai. A ƙarshen zamanin da masana ƙasa suke kira Kiretashiyos da kuma bayansa kaɗan, wani teku marar zurfi ya sha malalowa ta inda Sahara take a yau, ya rufe sassan Mali da Nijar da ƙasar Sakkwato. Dutsen da ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti da shi a ƙasan wannan teku ya kwanta, shi ya sa ake tsintar kawa da sauran burbushin halittun ruwa a cikinsa. Har wani ƙaton dabban teku mai kama da kada aka tono a yankin, aka sa masa Goronyosaurus, da sunan Goronyo. Dutsen simintin Ashaka a Jihar Gombe shi ma ɗan teku ne. A irin lakar da ta kwanta a ƙasan tekuna kamar waɗannan ake neman ƙwanson 'yan bulala.

Fitar da su daga dutse aiki ne na ɗakin gwaji. Ana daka ɗan guntun dutsen, a zuba masa asid mai narkar da farar ƙasa, a wanke, sannan a zuba wani asid ɗin mai narkar da yashi da laka. Wannan na biyun mugu ne, har gilashi yake ci, ba a taɓa shi sai da safar hannu da kariyar fuska, a cikin akwati mai zuƙe tururi. Abin da ya rage ɗan baƙin gari ne wanda bai cika cokalin shayi ba. A tace shi da rariya mai ƙananan idanu, a ɗiga a kan ɗan gilashi, a rufe. Dutse ya narke, ƙwanso bai narke ba.

Malamin da ya koya mini aikin yana da wata doka. Duk sabon ɗalibi sai ya yi makonni yana zana abin da ya gani da fensir kafin a yarda ya buɗe littafin sunaye. Idan ɗalibi ya yi zumuɗi ya ce, "Malam, na san sunan wannan," sai ya ce, "Ban tambaye ka sunansa ba, yarona. Me ka gani?" A lokacin wasu suna ganin ɓata lokaci ne, tunda ga kyamara a jikin madubin. Ni har yau ina bayansa. Kyamara tana ɗaukar hoton ko ka fahimci abin ko ba ka fahimta ba. Fensir kuwa yakan tsaya cik a daidai inda idonka bai gane ba, dole ka koma ka sake dubawa.

Tambayar farko ita ce ta fasalin jiki gaba ɗaya. Akwai ƙwanson da aka gina shi manne da rigar mai shi, don haka ya ɗauko kamanninta sak, har da ɗamarar. Akwai wanda ya tsuke a tsakiya kamar ƙwallo, ya fitar da dogayen ƙayoyi ko'ina, ka ce ƙarangiya ce ta maƙale a gilashin. Akwai kuma mai bango biyu da fili a tsakaninsu, kamar ƙwarya a cikin jaka. Misalinsa Deflandrea, mai ƙaho ɗaya a sama da biyu a ƙasa, da dunƙulallen jiki a ciki. Wannan rabon yana taimakawa wajen rage yawan shafukan da za ka buɗe, amma ba ya nuna dangantaka. Iri biyu da ba su haɗa komai ba suna iya zama masu ƙaya duka.

Tambaya ta biyu ita ce ta fallaye. Rigar 'yar bulala mai rai an haɗa ta ne da fallaye masu kusurwoyi, kamar bayan kunkuru ko ƙwallon ƙafa irin na da. Wani masani Ba'amurke, Charles Kofoid, shi ya tsara yadda ake ƙirga su a farkon ƙarni na 20, kuma har yanzu da tsarinsa ake aiki. Ana bin su sahu-sahu daga sama: na ƙoƙon kai, na saman ɗamara, na ɗamarar kanta, na ƙasan ɗamara, sai na gindi, kowane falle da lambarsa. Manyan dangi biyu da muka fi haɗuwa da su a nan suke rabuwa. Dangin Gonyaulax galibi fallaye shida ne a saman ɗamararsu, ɗaya a gindi. Dangin Peridinium kuwa bakwai ne a saman ɗamara, biyu a gindi, sannan da wasu uku da suka kutsa tsakanin sahun kai da na saman ɗamara. Matsalar ita ce ƙwanso ba koyaushe yake nuna waɗannan fallaye ba. Wani yakan nuna su da 'yan layuka masu tudu, wani da jerin ƙayoyi, wani kuwa sumul yake kamar ƙwai, babu alamar komai.

A nan ne ƙofa take shigowa, kuma ita ce abin da na fi so a duk aikin. Lokacin da 'yar bulala za ta fita, ba fasa ƙwanson take yi barkatai ba. Falle ɗaya ko wasu fallaye sanannu ne suke ɓallewa a kan iyakarsu, kamar an ɗaga murfin tukunya. Kowane jinsi da inda ƙofarsa take. Na wani duk ƙoƙon kai ne yake tashi, ya bar baki mai zigzag. Na wani falle na uku ne a sahun saman ɗamara, ta baya. Na Deflandrea kuwa falle na biyu ne cikin ukun nan masu kutse, mai kusurwa shida. Saboda haka ko da ƙwanso sumul yake, gefen ƙofar yana gaya maka siffar fallen da ya fita da yawan maƙwabtansa, kowace kusurwa mahaɗar fallaye ce. Daga rami ɗaya kana iya gano dangin gaba ɗaya. Wani lokaci murfin yana nan a maƙale, wani lokaci ya faɗa ciki, wani lokaci ka tsince shi shi kaɗai a can gefen gilashin, ka gane na wane ne daga yankansa.

An yi sama da shekara 120 ana kallon waɗannan ramuka ba a karanta su ba. A 1836 wani masani Bajamushe, Christian Ehrenberg, ya fere dutsen ƙanƙara, irin wanda kakanninmu suke ƙyasta wuta da shi, ya yi siriri har haske yana ratsa shi, ya duba a madubi. Ya ga wasu ya gane 'yan bulala ne, saboda ɗamararsu a fili take. Masu ƙaya kuwa sai ya sa su cikin wani jinsin gansakukar ruwan daɗi, don sun yi kama da shi. Kama da wane kuwa ba ta wane. A 1933 wani Bajamushen, Otto Wetzel, ya ware masu ƙayan ya ba su wani suna mai nufin ƙwallon beguwa, wanda a gaskiya amincewa ce cewa ba a san ko su wane ne ba. Sai a 1961 William Evitt, wanda a lokacin yake aiki a ɗakin binciken wani kamfanin mai a Amurka, ya nuna cewa ramukan da ke jikinsu suna da kusurwoyi iri ɗaya a kowane jinsi, kuma kusurwoyin sun dace da fallayen 'yan bulala. Ya kuma lura cewa a yawancinsu ƙayoyin ma a kan tsarin fallayen suka tsaya. Shi ya raɗa wa ramin suna akiyofail, daga kalmomin Girka biyu masu nufin tsohuwar ƙofa. Duk lokacin da na faɗi sunan sai in tuna da Ƙofar Mata da Ƙofar Nassarawa a Kano, inda ko ganuwa ta zaizaye ƙofa takan nuna maka ta inda ta bi.

Hujjar ƙarshe ta zo bayan 'yan shekaru. Tsakanin 1966 da 1968 David Wall da Barrie Dale, a cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka, suka ɗebo masu ƙayan nan da ransu daga lakar teku, suka ajiye su a ɗakin gwaji har suka ƙyanƙyashe. Abin da ya fito daga cikin mai suna Spiniferites 'yar bulala ce da aka daɗe da sani da sunan Gonyaulax. Wannan ya jawo wani ruɗani da muke fama da shi har yau: halitta ɗaya, suna biyu, ɗaya na masu nazarin masu rai, ɗaya namu na masu nazarin duwatsu. Ana ta ƙoƙarin daidaita su. Amma mafi yawan irin da ke cikin dutse sun ƙare tun tuni, babu mai ƙyanƙyashe su, don haka siffar ƙwanson ce kaɗai abin riƙonmu.

Bayan ƙofa sai a koma kan ƙayoyi, a nan ne ido yake gajiya. Ƙayar rufaffiya ce ko mai rami kamar bututu? Bakinta tsini ne, ko ya buɗe kamar kakaki, ko ya rabu uku? A tsakiyar falle ta tsiro ko a kusurwar da fallaye suka haɗu? Hystrichosphaeridium da Oligosphaeridium duka ƙofarsu a ƙoƙon kai take, duka suna da bututu ɗaya a kan kowane falle. Bambancinsu shi ne na farkon yana da bututu a kan ɗamara, na biyun ɗamararsa fayau take. Spiniferites da Achomosphaera kuma duka ƙayoyinsu masu baki uku ne, ƙofarsu a wuri ɗaya, sai dai na farkon yana da layuka masu tudu da suka haɗa ƙaya da ƙaya, na biyun ba shi da su. Ni da wata abokiyar aikina mun taɓa cinye rabin yini a kan guda ɗaya, ita tana ganin inuwar layukan, ni ina ganin ninkewar bango ce kawai. Muka canza haske, muka ƙara girman madubi, ba wanda ya janye. Ƙarshe muka rubuta suna muka sa alamar tambaya a gabansa. Ƙa'idar aikin ta yarda da haka, kuma ni na fi amincewa da rahoton da na ga alamar tambaya a cikinsa fiye da wanda komai nasa tabbas ne.

Ƙaya tana yaudara ta wata hanyar kuma. Akwai wani iri mai rai har yanzu, Lingulodinium machaerophorum, wanda tsawon ƙayarsa yake canzawa da yawan gishirin ruwa. Inda gishiri ya yi ƙaranci sai ta gajarce, wani lokaci ta zama 'yan ƙuraje kawai. Wanda ya dogara da tsawon ƙaya kaɗai zai raba iri ɗaya gida uku. Wanda ya san sirrin kuwa sai ya auna ƙayoyin ya kimanta gishirin tekun da ya shuɗe. Ƙofar dai ba ta bin gishiri.

To mene ne amfanin duk wannan wahala? Kowane iri yana da lokacin da ya bayyana a duniya da lokacin da ya ɓace, kuma igiyar ruwa takan watsa su a faɗin tekuna. Don haka suna daidai yake da kwanan wata. Dinogymnium, mai kama da mazurari biyu da aka haɗa baki da baki, da layuka a tsaye, yana da yawa a duwatsun Nijeriya na ƙarshen Kiretashiyos, kuma ya ɓace shekara miliyan 66 da suka wuce, lokaci ɗaya da dainoso. Apectodinium kuwa bayan haka ya zo. Ɗan ruwan ɗumi ne, kuma lokacin da duniya ta yi wani matsanancin zafi shekara miliyan 56 da suka wuce ya bazu har tekun Atik da ke ƙuryar arewa. Masu haƙar rijiyar mai, a Neja Delta ko a wani wuri, ba sa ganin abin da ke ƙasa. Garin dutse ne yake fitowa tare da lakar haƙa. Babban ƙashi ko kawa bakin injin ya riga ya niƙe su, amma ƙwanson da bai kai kaurin gashi ba yakan fito lafiya lau, ɗaruruwa a cikin 'yan giram kaɗan.

Ga tambaya irin wadda nake samu a tebur, ku gwada ta da abokanku. A ce an kawo garin dutse daga wani zurfi, ka samu Dinogymnium da Apectodinium a gilashi ɗaya. Ba su taɓa zama a teku ɗaya ba, don haka ɗaya baƙo ne. Mai yiwuwa dutsen tsoho ne, sai ɓarɓashin bangon rijiyar daga sama ya rufto ya kawo Apectodinium. Mai yiwuwa kuma dutsen sabo ne, wani kogi na wancan zamani ya zaizaye tsohon dutse ya kwaso Dinogymnium ya zuba a sabuwar laka. Tsakanin amsoshin biyu akwai shekara wajen miliyan 10, kuma a kan amsar ne injiniya zai san ko ya wuce shimfiɗar da yake nema ko da saura, alhali kowane yini na haƙa kuɗi ne masu yawa. Abin da muke yi shi ne ƙirge. Mukan ƙirga ƙwanso 200 zuwa 300 a samfuri ɗaya mu ga wane ne mai gida, wane ne tsiraru. Mukan duba launi, don wanda aka sake binnewa yakan fi duhu, ya fi yagewa. Mukan kuma koma kan samfuran da suka fito daga sama mu ga inda kowanne ya fara bayyana yayin da ake nutsawa, saboda ɓarɓashi ƙasa yake faɗowa, ba ya hawa sama.

Akwai kuma waɗanda duk dabara takan ƙare a kansu: ƙwallo mai ƙaya, babu ɗamara, babu alamar falle, babu ƙofa mai kusurwa. A 1963 Evitt ya buɗe musu aji na daban ya kira su akiritak, ma'ana waɗanda ba a tabbatar da asalinsu ba. Wasunsu sun girmi 'yan bulala da ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Ana ba su suna, ana auna su, har ana amfani da su wajen gano shekarun duwatsu, amma gurbin danginsu a buɗe aka bar shi. A littafin zanena akwai shafuka na baya da na ware wa irinsu, kowanne da lambar gilashinsa da daidai wurin da yake a kan gilashin, don wanda zai zo bayana da madubin da ya fi nawa ya iya komawa kansa.